Saƙon Ruwan Shuka

A gidanmu na Matameye, da zarar an ɗaure dammunan gero an kai su rumbu, sai maza su fara haɗa kayan tafiya. Mahaifina yana cikin masu tashi da wuri. Badun yake zuwa, can ƙasar Yarbawa, inda yake kafa teburin shayi a bakin wata tasha, kuma ba ya dawowa sai an aika masa cewa ruwan shuka ya sauka. Wannan aike shi ne babban al'amarin shekara a gidanmu. In ya isa gare shi tun lokaci bai yi ba, zai baro sana'arsa ya zo ya zuba iri a ƙasar da za ta ƙone shi. In kuwa ya makara, zai tarar laima ta tafi, geron da aka shuka a makare kuma ba kullum yake nuna ba kafin damina ta ɗauke. Abincinmu na shekara guda ya dogara ne a kan maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ban san haka ba ina yaro. Abin da na sani shi ne, tsakanin tafiyarsa da dawowarsa gidan yakan zama na mata da yara, kuma a watannin sanyi kakata Barira, wadda ta haife shi, takan tara mu a bakin wuta.

Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa ban amince da tunanina gaba ɗaya ba. Shekaruna a lokacin bakwai ne ko takwas, kuma abin da yaro ya ji yana gyangyaɗi a jikin kakarsa ba shaida ba ce da za a kai gaban alƙali. Saboda haka, kafin in zauna rubutu, na kira yayata Sa'a, wadda take aure a Dawce, na faɗa mata abin da na tuna. Ta gyara mini wurare biyu, na karɓa. A na uku mun yi gardama har ta ce tuwonta zai ƙone, ta kashe waya. Zan nuna wurin idan mun kai gare shi.

Ɗakin Kaka shi ne na ƙuryar gida, jikin turken awaki. Bayan an idar da sallar isha'i takan fito da wani tsohon kasko mai tsagewa a baki, ta hura wuta da kara da ƴan busassun rassan sabara, ta ajiye shi dab da ƙofa yadda hayaƙi zai sami hanyar fita. Mu kuma mu jawo tabarma, kowa ya lulluɓe da zanen uwarsa. Ba a jin tatsuniyar Kaka kyauta. Takan girke ƙwaryar gyaɗa a tsakiya, kowa ya riƙa ɓarewa, in ta lura hannun wani ya tsaya sai ita ma bakinta ya tsaya, ko da kuwa kura ta riga ta wangame baki za ta haɗiye wani. Ladanmu shi ne dankalin da take binnewa a toka tun farkon zama. Har yau, in na ji ƙanshin ɓawon dankali yana ƙuna, sai kunnena ya jira atishawar akuya daga bayan bango.

Sunan mijinta marigayi aka sa mini, Lawali, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida take ce mini, tana tsokanata cewa ba ta yi sa'ar miji ba, ga ƙanƙanta ga yawan tambaya. Mahaifina ma ba ta faɗin sunansa, domin ɗanta ne na fari. Sai dai ta ce mutumin Badun.

A wancan lokaci wayar salula ba ta shiga kowane gida ba. Masu ci-rani kaset suke ɗauka da muryarsu, su ba direban babbar mota ya kawo. Ran nan na Baba ya iso. Innata ta sa shi a rediyo a ɗakin Kaka, muka yi tsit. Abu guda Inna take jira ta ji: direban da ya saba kai masa labarin ruwa ya canza hanya, to ta hannun wa za a aika masa bana? Baba ya fara gaisuwa. Ya gaida mahaifiyarsa, ya gaida Inna, ya gaida mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsallaka maƙwabta, ya gaida liman da ladan da mai unguwa, ya tambayi lafiyar jakinmu da ya bari yana ɗingishi. Fuska ɗaya ta kaset ta ƙare, aka juya. Yana cewa, "To, game da maganar aike kuwa," sai muryarsa ta fara ja kamar ta mai barci, ta yi kauri, ta ɗauke. Batir ya ƙare.

Inna ta yi tsaki ta fita. Kaka kuwa dariya ta yi har da tari.

"Mutumin Badun ke nan," in ji ta. "Ya gaida jaki, bai faɗi abin da ya sa shi buɗe baki ba. Ni na haife shi, amma wallahi gauraka ne sak."

"Me gauraka ya yi, Kaka?" in ji Sa'a.

"Ku jawo ƙwaryar nan tukuna."

Tana da nata salon buɗe tatsuniya da ban taɓa ji a bakin kowa ba. Ta gyara zama ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Muka amsa, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wani gari ne, in ji ta, da mazansa suke tafiya neman abinci da rani, har bayan rafi bakwai. A zamanin tsuntsaye ne ƴan aike. A garin akwai wata tsohuwa da aka ɗora wa alhakin aika wa maza idan ruwan shuka ya sauka. Shekarar farko ta shirya da tsattsewa. Nan ne wurin gardamarmu da Sa'a: ita ta dage hankaka ne. Na bar tsattsewa domin sauri ne aibin wannan ɗan aike, amma ina so mai karatu ya san ba a haɗu a kan wannan ba.

Tsattsewa tana zaune a kan ɗakin tsohuwa, sai ɗigo ɗaya ya faɗo mata a baya. Ba ta sauka ƙasa ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta tashi fir, ta isa wurin maza tana ihu: "Ruwa! Ruwa! Gari ya cika da ruwa!" Maza suka watsar da aikinsu, suka tsallako, suka fitar da iri suka shuka. Iri ya tsiro ya leƙo, rana ta dube shi, ya ƙone. A wannan shekara tafasa aka ci har aka manta ɗanɗanon tuwo.

Da shekara ta zagayo, tsohuwa ta ce ba ta ƙara aiken mai rawar kai. Ta kira gauraka, wanda tun da aka ƙyanƙyashe shi ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ruwa ya sauka, na gaske kuwa. Gauraka ya ce ba zai tashi ba sai ya tabbatar. Ya ƙidaya gizagizai. Ya je ya ji ra'ayin kwaɗi, ya je ya ji na tururuwa, ya tarar ba su dace ba, ya koma wurin kwaɗi. Sai da ya kwana uku kafin ya kama hanya, ya tsallake rafi tara.

"Kaka," na ce, "ɗazu kin ce bakwai."

"Damina ce, Maigida, biyu sun haihu. Ɓare gyaɗarka."

Da gauraka ya isa, ya gyara tukkunsa, ya fara gaisuwa. Ya gaida kowane mutum da sunansa da na ubansa. Sa'an nan ya shiga bayanin yadda hadari ya taso daga gabas, da abin da kwaɗi suka ce, da dalilin da ya sa tururuwa ba su yarda ba. A nan Kaka takan miƙe wuya ta kumbura murya, mu kuma mu faɗi da dariya. Maza suka ce, "Malam Gauraka, mu taso ko mu zauna?" Ya ce, "Ku yi haƙuri, ai zan kai wurin." Bai kai ba sai da aka kwana bakwai. Da maza suka iso gida, ciyawa ta kai gwiwa a gonakinsu. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a duk abin da gauraka ya faɗa, amma a wannan shekarar ma tafasa aka ci.

Shekara ta uku babu tsuntsun da ya yarda a aike shi sai kurciya, wadda ba ta da sauri, ba ta kuma iya jawabi ba. Tsohuwa ta ce mata, "Ƴar nan, kada ki dubi sama. Je ki gona ki tona." Kurciya ta je gonar gabas, ta tona da ƙafafunta har ta wuce rairayi ta kai jar ƙasa, ta same ta a jiƙe. Ta tashi da lakar a ƙafarta, ta sauka gaban maza, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ce, "Gonar gabas. Jiya. Ga shi." Masu gona a gabas suka taɓa, suka ɗauki kayansu. Masu gona a yamma suka ce, "Mu fa?" Ta ce, "Ban je can ba." Ta koma, ta tona a yamma, ta dawo ta ce, "Yamma, tukuna." Suka zauna, sai da ta sake zuwa da laka suka taso. Rumbuna suka cika. Tun daga ranar jar ƙasa ba ta wanku daga ƙafar kurciya ba, kuma har yau in ka saurare ta, maganarta ba ta wuce uku ko huɗu.

"Baƙuwa ta tashi, ta naɗe tabarmarta," in ji Kaka. Muka ce, "Ta gaida gida."

"Amma Kaka, ta yaya lakar ba ta bushe a hanya ba?"

"Wayyo ni Barira, na auri alƙali. Sa'a, tono masa dankalinsa ko bakin nan ya sami aiki."

Gaskiyar magana, a daren nan ni gauraka na tausaya wa. Na ga ba a yi masa adalci ba: shi ne ya fi kowa wahala, shi ne bai yi ƙarya ba, kuma shi aka yi wa dariya. Da wannan ra'ayi na girma. Kaka ta rasu ina kwaleji, Allah ya jiƙanta. Na wuce jami'a a Damagaram, na karanta ilimin taswira da yanayin ƙasa, inda aka koya mini kada in rubuta lamba ba tare da faɗin inda na samo ta ba, kada kuma in yanke hukunci ba tare da jera abubuwan da za su iya rushe shi ba. Na ji daɗin wannan horo ƙwarai, domin ya dace da halina. Da na gama na dawo gida ina jiran a tura ni aiki.

Kafin nan kaset ya zama tarihi. Kowane mai ci-rani yana da waya a aljihu, kuma mutanen unguwarmu, na gida da na waje, sun haɗu a zaure ɗaya na cikin waya, wanda muke ce wa gurup. Da farko raina shi na yi. Rubutu ne babu aya babu waƙafi, magana babu madogara. Amma dole in amsa cewa shi nake fara dubawa kowace safiya tun ban wanke fuska ba. Layi ɗaya ne zai faɗo: an haihu a gidan wane, mace. Wani layin: jana'iza bayan azahar. Wata mata ta rubuta cewa jar akuyarta mai tsagaggen kunne ba ta kwana gida ba, kafin hantsi wani ya amsa cewa ga ta nan a bayan makaranta tana cin takarda. Wani ya ɗauki hoton raken fadama ya tura ba tare da ko kalma ɗaya ba, sai ka ga mutanen Legas da na Fatakwal suna ta kukan kewar gida. Mutum yana tsaye a bakin aikinsa, kafin ruwan shayi ya tafasa ya san yadda garinsu ya kwana, ya kuma sa baki. Abin da Baba yake cika kaset da shi, wato son kada a manta da shi a gida, yanzu yana samunsa kullum da asuba da kalmomi huɗu: "Mutanen gida ina kwananku."

Ruwan farko na wannan shekara ya sauka ne bayan la'asar. Bai daɗe ba, amma ya yi ƙarfi, har ya kwanta a titunan cikin gari. Kafin ya ɗauke, gurup ya cika da hotuna. "Alhamdu lillahi, Matameye ta sha ruwa." "Damina ta kama." Can cikin hayaniyar sai ga layin Baba, wanda a yaƙi da jahilci ya koyi boko, yake kuma rubutu da yatsa ɗaya: "Lawali in taso".

Ni ya tambaya, a gaban kowa, domin ni ne mai takardar jami'a. Na san abin da ke kan amsata. Hanya kwana biyu ce, kuma ranar da ya tashi zai miƙa teburinsa ga wani har rani mai zuwa, babu komawa. Irin da muka ajiye kuwa na shuka ɗaya ne.

Na ruga ma'aikatar gona kafin a tashi. Wani ma'aikaci mai kirki ya nuna mini abin da ma'aunin ruwan harabarsu ya tara. Na dawo gida na zauna na tsara amsa. Na fara da gaisuwa. Na kawo lambar da inda na samo ta. Na bayyana cewa ma'auni ɗaya ba ya wakiltar yanki, cewa ruwan farko yakan zuba a wani wuri ya tsallake wani, cewa rairayi da laka ba riƙonsu ɗaya ba, cewa akwai yiwuwar wani ruwan ya biyo baya, akwai kuma yiwuwar kada ya biyo. Na karanta sau uku, na gyara waƙafi biyu, na tura. Sai an ja fuskar waya sau huɗu kafin a kai ƙarshensa.

Wanda ya fara amsawa Habu ne, ɗan gwaggona kuma abokin wasana, da yake gadi a Badun ɗin: "Malam Lawali an gama huɗuba? Mu tashi mu daidaita sahu?" Fuskokin dariya suka biyo baya kamar ƙwarya ta zube. Sa'an nan Baba ya turo murya, a natse, ana jin ƙarar motoci a bayansa.

"Na karanta har inda idona ya kai. Allah ya ƙara ilimi. To, in taso ko in zauna?"

Na koma na sake karanta abin da na rubuta. Kowace jimla gaskiya ce. Ko ruwa ya biyo baya ko bai biyo ba, babu wanda zai iya cewa Lawali ya yi kuskure. Wannan ɗin ne ya sa na ji kunya ta rufe ni: na tsare kaina ta kowane gefe, na bar mahaifina a tsaye inda na same shi. Inna tana bakin murhu tana jin komai.

"Ka je gonar?" in ji ta.

"Ban je ba, amma ma'aunin ma'aikata ya nuna..."

"A gonarmu ma'aunin yake?"

A nan ne, bayan shekaru da yawa ban tuna da gauraka ba, na ga Kaka a zuciyata ta miƙe wuya ta kumbura murya, na kuma gane ko wane ne yake cewa zai kai wurin.

Da gari ya waye na hau kabu-kabu muka bi hanyar Kurni, inda gonarmu take. Muna fita gari kududdufan hanya suka fara raguwa, can suka ɓace. Fuskar gonar ta yi duhu, wanda ya tsaya daga bakin hanya zai rantse ta sha ruwa. Na durƙusa na tura hannu. Gaɓa biyu ta yatsa, sai busasshen rairayi yana zubowa cikin ramin. Na tona wuri biyar, kusurwa huɗu da tsakiya, domin hali ba ya barin mai shi rana ɗaya. Duk haka. Na zauna a gindin gawo na rubuta, na goge, na sake rubutawa, har ya rage wannan:

"Baba, ina gonarmu ta hanyar Kurni yanzu. Na tona wuri biyar. Laima gaɓa biyu ce, ƙarƙashi a bushe. Zauna tukuna. Sauran gonaki ban je ba."

Na daɗe ina kallon kalmar "zauna". Babu inda zan ɓuya a bayanta. Na yi bisimilla na tura.

Baba ya amsa, "To."

Abin da ya biyo baya ban yi tsammaninsa ba. Wata mata da mijinta yake Legas ta turo hoton hannunta da jiƙaƙƙen rairayi manne har sama da wuyan hannu: "Dungu, gonarmu, yanzu." Sa'a ta rubuta, "Dawce ko ɗigo." Wani dattijo ya turo murya cewa a tasa gonar ta arewa da gari laima ta kai tafi. Kafin azahar layuka sun taru, kowanne da sunan wuri da iyakar inda hannu ya kai. Na ɗauko takarda na zana su, sai ga taswirar ruwan jiya a gabana, wadda babu littafin da zai iya ba ni irinta, kuma mutanen da suka haɗa ta rabinsu ba su taɓa zama a aji ba. Masu gona a Dungu suka kama hanya a ranar. Baba ya ci gaba da dafa shayinsa.

Kwana goma sha ɗaya aka yi babu ruwa a wajenmu, kuma ba zan ce na ji daɗinsu ba. Geron Dungu ya tsiro, ana turo hotunansa layi-layi. Habu ya rubuta, "Kawu na nan zaune yana jiran jami'a ta sa hannu." Na yi dariya, amma a rubuce kawai. Kullum hadari ya haɗu sai in fita in tsaya ina kallonsa har ya watse. Sau biyu na koma gonar na tona, alhali na san babu abin da ya zuba. Baba bai sake tambayata ba ko sau ɗaya. Ba zan iya tabbatar da cewa da ya taso ya shuka irin zai ƙone ba. Maƙwabcinmu na gona ya shuka a kan ruwan farkon, ya kuma sake shuka fiye da rabi daga baya. Amma gona ɗaya ba hujja ba ce, kuma ba zan mai da ita hujja don ta goyi bayana ba.

A rana ta goma sha biyu ruwa ya kama tun azahar, bai ɗauke ba sai dab da magariba. Da safe hannuna ya nutse har kusa da gwiwa a duk wuraren biyar, ban kai busasshiyar ƙasa ba. Wannan karon ban goge komai ba.

"Baba, gonarmu, yanzu. Laima ta kusa gwiwar hannu, wuri biyar. Taso."

Amsar ta zo kafin in karkaɗe hannuna. "Ina haɗa kaya. Laima ba za ta jira ni kwana biyu ba. Ka buɗe rumbun iri ku fara."

Dole in bayyana nauyin wannan ga wanda bai san gidanmu ba. Ƙaramin rumbun da ake ajiye zaɓaɓɓun zangarniyoyin iri, tun rasuwar kakana babu hannun da ya taɓa buɗe shi sai na Baba. Ko Inna ba ta leƙa shi. Na nuna mata saƙon, ta sa na karanta mata sau biyu, sa'an nan ta ce, "To me kake jira? Ɗauko tsani." A ranar aka sussuke irin, Sa'a ta zo daga Dawce da goyonta, ni kuma na ɗauki sungumi, doguwar fartanyar saran shuka, wadda rabona da ita tun ina firamare.

Ina sara ina tunani, domin aikin yana barin kai ya yi yawo. Na daɗe ina zaton tatsuniyar nan yabon gajeriyar magana ce kawai, shi ya sa ban so ta ba. Amma ai saƙon tsattsewa ya fi na kurciya gajarta, kuma irinsa yana shigowa wayoyinmu kullum. Na gan shi da idona ranar ruwan farko. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ta sauka ƙasa, ta kuma yarda ta ce akwai inda ba ta je ba. Ni kuwa na ɗauka tsantseni shi ne in faɗi duk abin da zai iya faruwa. Ashe wani lokaci tsoro ne yake sa rigar tsantseni. Gajeren saƙo yana da daɗi domin yana isa da sauri, yana kuma barin wuri ga na kusa da kai ya ƙara nasa; amma yana da wuya ga mutum irina, domin sai ka je da ƙafarka, sa'an nan ka zaɓi kalma ɗaya ka tsaya a kanta, in ta ɓaci a san kai ne. Kaka ba ta taɓa riƙe irin wannan waya ba. Ina jin da ta ga gurup ɗinmu za ta ce surutu ya yi yawa, sa'an nan ta sa a karanta mata duka.

Baba ya iso a rana ta biyu bayan la'asar. Bai biya ta gida ba; daga tasha ya wuce gona, jakarsa a kafaɗa. Muka gaisa a gajarce. Ya tsuguna ya tura hannu cikin ƙasa, ya damƙo, ya matse, ya buɗe tafinsa yana kallo. Sa'an nan ya miƙe ya bi layukan da na sara, yana tafiya a hankali, hannuwansa a baya. Na tsaya riƙe da sungumi, tafukana duk sun yi bororo, ina jira.

"Wa ya ja wannan layin?"

"Ni ne, Baba."

"Ya tafi Kurni, ya fasa, ya nufi Dungu."

Sa'a ta fashe da dariya har goyonta ya farka. Baba ya tone rami ɗaya da yatsa, ya duba zurfin da irin ya kwanta, ya mayar da ƙasar ya danne.

"Amma ramin ya kai," in ji shi.

Ya rataye jakarsa a reshen gawo, ya cire takalmansa, ya karɓi sungumin daga hannuna. Bai gyara layukan da na yi ba. Daga inda na tsaya ya ɗora.

"Ɗauki ƙwarya ka biyo ni."

Na bi bayansa ina jefa iri ina rufewa da diddige, har ladan ya kira magariba daga cikin gari.